Faifan Mista Glen

Wanda ya tarbe ni a Amurka Tanko ne, ɗan unguwarmu a Tudun Wadan Zariya. Ya girme ni da kusan shekara goma, tun ina yaro Yaya Tanko nake ce masa. A gida an san shi da babban ɗan kasuwa a Washington, shi ya sa da sunana ya fito cikin waɗanda suka ci bizar ƙuri'a, Inna ta sa aka nemo lambarsa, ta ce masa, "Ga ƙaninka Sagir nan tafe. Amana ce na ba ka."

Gidan da ya kai ni a Lanham, kusa da Washington, ɗaki uku ne, mu bakwai a ciki, duk ƙarti. Kasuwancin nasa kuwa tsofaffin motoci ne yake saye yana turawa gida. Washegarin saukata ya miƙo mini soso da bokiti. Ni da na karanta haɗa magunguna, na yi shekara shida ina aiki a kemis ɗin asibiti, sai ga ni a wani fili ina wankin mota cikin sanyin da ke sa yatsu su daina jin komai. Ban damu ba, na ce mafari ne. Ya karɓi takardun karatuna na asali, ya ce ya san wanda zai kai su a tantance, in samu damar zana jarrabawar da za ta ba ni izinin aikina a nan.

Wata biyar ina tambaya, wata biyar yana cewa suna hanya. Ran nan ina share but ɗin motarsa, na ɗaga shimfiɗar ƙasa, sai ga ambulan ɗin takarduna. Ruwa ya shige shi, tawadar sa hannun shugaban jami'a ta narke ta zama shuɗin tabo. Na kai masa.

"Yaya Tanko, mene ne wannan?"

Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Kai Sagir, nan ba Zariya ba ce. Da na kai su, wa zai tsaya mini a filin nan? Ka gode Allah kana da wurin kwana."

Na haɗa kayana a jaka ɗaya, na fita ban san inda na nufa ba.

Ranar Juma'a ce, sai na taka zuwa masallaci. Bayan an sallame kowa ya watse, ni ina zaune da jakata. Wani dattijo mai farin gilashi ya dube ni, ya wuce, ya sake dawowa ya yi mini sallama da Hausa. Dakta Aminu ke nan, likitan yara, mutumin Katsina. Bai yi mini tambaya mai yawa ba. Ya ce, "Taso mu je, Hajiya ta yi tuwo."

Mako uku na yi a gidansa a Upper Marlboro. Ranar farko da matarsa ta ajiye mini tuwon shinkafa da miyar kuka, na kai loma ɗaya baki sai hawaye. Ta yi kamar ba ta gani ba, ta tashi ta ce bari ta ɗauko man shanu. 'Ya'yansu in na gaishe su da Hausa su amsa da Turanci, amma sai sun rusuna.

Dakta ne ya gaya mini gaskiya. Ya ce hanyar jarrabawar nan doguwa ce, sai an sake neman takardu daga jami'a, sai an yi shekaru. "Kafin nan ka yi ɗan kwas na kula da tsofaffi. Aiki ne na halal, kuma ba a rasa shi. Ba abin kunya ba ne, Sagir."

Na yi kwas ɗin, amma kunyar ba ta bar ni ba. Da Inna ta tambaye ni a waya, na ce mata na samu aiki a asibiti. Ta yi ta sa mini albarka har katin ya ƙare.

Aikin ya kai ni Gaithersburg, wani tsohon gida na katako mai gareji a gefe. Mai gidan Mista Glen ne, Bature dogo, ya doshi tamanin, ciwon mantuwa ya kama shi. 'Yarsa Paula ce ta ɗauke ni, ita tana aiki a cikin birni. Nawa shi ne in zo da safe in yi masa wanka, in aske masa gemu, in ba shi abinci da magani, in zauna da shi har ta dawo da yamma.

Makonnin farko na sha wuya. Kullum da safe sai ya tambaye ni ko ni wane ne. Ya ce na sace masa takalmi, alhali yana ƙafarsa. Ran nan ya watso mini shayi a riga yana ihu in fita masa daga gida. Na kira Paula na ce ba zan iya ba. Ta ce, "Don Allah kafin ka tafi, duba kan kabad ɗin falo. Akwai wani ƙaramin faifai baƙi. Ka ɗora shi a garmaho."

Na ɗora. Abin da ya fito ban san da me zan kwatanta shi ba. Kamar injin markaɗe da janareto suna faɗa, ga wani yaro yana ihu a tsakiyarsu. Jita tana zuzu kamar an taɓa gidan rina, ganguna suna gudu kamar an biyo su. Na ce a raina, wannan ai sai ya ƙara haukata mai lafiya. Da na waiga, Mista Glen ya zauna. Ya rufe ido, yatsunsa goma suna tafiya a kan gwiwoyinsa. Da faifan ya ƙare ya dube ni cikin natsuwa ya ce, "Juya ɗaya gefen."

Ashe shi ne mai kaɗa fiyanon da ke ciki.

Tarihin ban ji shi daga bakinsa ba, don ya riga ya zube masa. Mista Leon ne ya ba ni. Baƙar fata ne, gajere mai dariya, tsohon direban bas, kuma shi ne makaɗin gangunan. Duk ranar Alhamis yakan zo da biskit, ya zauna kusa da abokinsa ko an gane shi ko ba a gane shi ba. Da ya ga ina juya faifan ina karanta sunayen da ke jiki, ya ce, "Samari, zauna in gaya maka su wane ne waɗannan mahaukatan."

Su huɗu ne, a shekarun sittin, duk ba wanda ya kai ashirin da biyu. Glen a fiyano mai lantarki, ƙaninsa Danny yana waƙa yana kaɗa jita, Leon a ganguna, sai wani Rick mai babbar jita, wanda daga baya ya zama fasto ya hana a ambaci sunansa da su. Sunan da suka sa wa kansu, in aka juya shi da Hausa, Fitilun Ƙarƙashin Ruwa ke nan, kuma ni har yau haka nake kiransu. A garejin nan na gefen gida suka fara, lokacin da Gaithersburg gonaki ce da shanu. Ba wanda ya koya musu kiɗa. Danny ne ya sa reza ya tsattsaga lasifikarsa don jitar ta riƙa wannan zuzun. Maƙwabta suka yi ta kiran 'yan sanda, har 'yan sandan suka gaji suka koma tsayawa a bakin gareji suna saurare.

"A lokacin," in ji Mista Leon, "ba ko'ina ake son ganin baƙi da farare a dandali ɗaya ba. Wata rana aka gayyace mu wasa a wani zaure. Mai wurin ya ce su uku su shiga ta gaba, ni in zagaya ta ƙofar kicin. Danny ya juya ya fara mayar da kaya cikin a-kori-kura. Muka ja wayar lantarki daga gidan mai na tsallaken titi, muka yi wasanmu a bayan motar. Samari, zauren nan ya watse, kowa ya dawo wurinmu!"

Ya yi dariya har da tari, sannan ya share ido.

Faifai ɗaya tak suka yi, waƙa biyu, a yini guda aka ɗauka. Wani gidan rediyo na yankin ya yi ta sa shi tsawon bazara ɗaya, 'yan mata suka fara tare su a hanya. Ana maganar a kai su New York sai takardar kiran soja ta zo wa Danny, lokacin yaƙin Biyetnam. Ya tafi yana cewa kada a taɓa masa jita. A akwati aka dawo da shi. Ranar da aka binne shi Glen ya shiga gareji ya lulluɓe fiyanon da bargo, ya ja ƙofa. Ya koyi gyaran firji, ya yi aure, ya haifi Paula, bai sake kaɗa komai ba. Sauran faifan da ba a sayar ba suka zauna a kwali, ɓeraye suna wasa a kai.

Sai bayan shekaru masu yawa wasiƙu suka fara zuwa. Daga Japan, daga Jamus, daga Brazil. Ashe faifan ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, masu son irin wannan kiɗan suna nemansa ruwa a jallo, matasa suna kafa ƙungiyoyi suna kwaikwayonsa. Mista Leon ya girgiza kai ya ce, "Baƙin sun iso, mai gidan ya riga ya fita."

Ban san ranar da kiɗan ya shige ni ba. Ni ba mutumin kiɗa ba ne, ko a gida iyakata in ji na biki daga nesa. Amma abin da kake ji sau biyar a yini, wata rana sai kunnenka ya buɗe. Gefe na biyu ne ya kama ni. A hankali yake tafiya, fiyanon yana zagayawa yana dawowa wuri ɗaya kamar goge a hannun tsohon makaɗi, har ka ji kanka yana juyawa. Danny yana waƙar mutumin da ya tsaya a tasha yana jiran jirgin da ya riga ya wuce. Dab da ƙarshe muryarsa takan karye, sai ka ji wani ya yi dariya a baya, kare ya yi haushi, shi ke nan. Yara huɗu ne da ba su san abin da ke gabansu ba.

Na sa waƙoƙin a wayata. Da izinin Paula na fara amsa wasiƙun, ina karanta wa Mista Glen su da rana. Na san wace jita Danny ya riƙe, na san sunan karen. Ran Sallah a gidan Dakta wayata ta yi ƙara da kiɗan, falo ya ɗauki dariya. Wani ɗan jarida mutumin Damagaram ya ce, "Malam Sagir, aljanun Turawa ne suka hau ka?" Na ce, "Ku dai ba ku saurara ba ne." Na tsaya ina ba su labarin zauren nan da a-kori-kura kamar ina wurin aka yi.

Haka shekara huɗu ta wuce. Na zana jarrabawar sau ɗaya, ban ci ba. Duk Lahadi ina kiran Inna, duk Lahadi tambayarta ɗaya ce.

"Yaushe za ka zo in gan ka?"

"Inna, bari in gama jarrabawar nan."

"Sagiru, ni fa ba takarda na haifa ba."

Sai in yi dariya in sauya magana. Ba abin da ya hana ni zuwa, takarduna na zama lafiya lau suke. Ba na dai son in sauka a Tudun Wada a tambaye ni wane asibiti ne, in rasa abin faɗa. Na ce sai na zama abin da na ce mata na zama.

Wata Talata da safe na bar wayata a aljihun rigar sanyi, na shiga yi wa Mista Glen wanka. Ranar ya yi gardama, sai da na lallashe shi fiye da awa ɗaya. Na shirya shi, na ba shi abinci, sannan na duba wayar. Kira goma sha ɗaya daga ƙanina Nura. Na kira, yana ɗauka na ji hayaniyar mutane da ƙarar babura.

"Yaya, sai haƙuri. Inna ta rasu da hantsi. Yanzu muke dawowa daga maƙabarta."

Na ce innalillahi, na zauna a ƙasan kicin. Ban san me na riƙa faɗa ba, sai dai na tuna ina cewa, "Nura, na yi mata ƙarya. Ba a asibiti nake ba."

Ya ce, "Ai ta sani, Yaya. Tun shekara uku da suka wuce Tanko ya zo gida ya baza a unguwa, wai kashin wani tsohon Bature kake kwasa. Da aka kawo mata gulmar, cewa ta yi, wanda ke wanke tsohon wani, Allah ba zai bar tasa tsohuwar ta wulaƙanta ba. Ta hana mu gaya maka. Ta ce kada a kunyata ka, in ka shirya da kanka za ka faɗa."

Na kife kaina a jikin firji na yi kukan da ban taɓa yi ba tun ina yaro.

Sai na ji hannu a kafaɗata. Mista Glen ne tsaye, yana dubana kamar yadda ake duban yaron da ya faɗi. Ya ce, "Wa ya mutu?"

"Mahaifiyata."

Ya gyaɗa kai. Ya kama hannuna, ya ja ni ta ƙofar baya, muka tsallaka ciyawa zuwa gareji. Shekara huɗu ban taɓa ganin ya nufi wurin ba. Ya ce in ɗaga ƙofar, na ɗaga. Ya wuce tsofaffin firji da kwalaye, ya yaye bargon, ƙura ta tashi. Ya nuna mini soket, na jona. Abin ya yi tari, ya yi gunji, sannan ya kama.

Mutumin da bai san sunan 'yarsa ba, wanda sai na nuna masa yadda ake riƙe cokali, ya ɗora yatsu ya kaɗa gefe na biyu tun daga farko. Maɓallai biyu sun mutu, in ya iso kansu sai a ji gurbi, ya wuce. Da ya kai inda murya ya kamata ta shigo, ya ɗaga kai ya dubi wani wuri kusa da ƙofa, ya jira. Ba wanda ya shigo. Ya sake zagayowa, ya sake jira. Sau uku yana yi. Sannan ya sauke hannu ya ce, "Kullum sai ya makara."

Muka zauna a kan kwalayen faifan, ni da shi. A ƙasar nan mutane da yawa sun yi mini ta'aziyya daga baya, Dakta ya tara jama'a aka yi addu'a a gidansa, Allah ya saka musu. Amma zaman makokin Inna na farko a garejin nan na yi shi.

Bayan wata uku wasu matasa suka sake buga faifan, suka shirya ɗan taro da rana a wani kantin faifai a cikin birni. Paula ta yi shakka, Mista Leon ya ce a kai shi, ko sau ɗaya ya ga abin da ya shuka. Na sa masa kwat, na taje masa gashi. Kantin ya cika har waje. Akwai masu furfura, akwai yaran da ba su kai jikokinsa ba, wata ta ce tun daga jihar Ohio ta tuƙo mota. Da muka shiga aka ɗauki tafi. Ya damƙe hannuna ya raɗa mini, "Wa ake yi wa?"

"Kai ake yi wa, Mista Glen. Kai da Danny da Mista Leon."

"Mun yi kyau?"

"Kun yi kyau ƙwarai."

Suka yi layi da faifansu. Ya manta yadda ake rubuta sunansa, sai ya riƙa zana ɗan layi, su kuwa suna karɓa da hannu biyu. Wani saurayi ya tambayi Mista Leon wani abu game da ranar da aka ɗauki faifan, ya ce ya manta, ya nuna ni: "Tambayi wancan, ya fi mu sani." Sai ga ni, ɗan Tudun Wada, a tsakiyar Turawa ina ba da tarihin Fitilun Ƙarƙashin Ruwa. Ina magana ina tunanin da na kira Inna ranar Lahadi na ba ta wannan labarin, da ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Daga nan jikinsa ya yi ta baya. Ya faɗi sau biyu, ya daina haɗiye abinci sosai. Paula ta kai shi gidan kula da tsofaffi, ta sa gidan a kasuwa. Ni da Mista Leon muka kwashe garejin. Fiyanon aka ba matasan nan, jitar Danny Mista Leon ya rungume ta ya sa a motarsa.

Aikina ya ƙare, na sayi tikitin gida. Jarrabawar tana nan, ban ci ba, kuma na daina jin kunyar faɗa. Ana gobe zan tashi na je yi masa sallama. Na same shi a keken guragu kusa da taga, ya rame, wani ya aske masa gemu ya bar tsiri a haɓa. Na roƙi reza na gyara masa. Bai gane ni ba, amma ya miƙa wuya kamar yadda ya saba. Na sa masa waƙar a wayata, yatsunsa ba su motsa ba.

Na durƙusa a gabansa na ce, "Mista Glen, zan tafi gida."

"Da nisa?"

"Da nisa sosai."

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce, "Mahaifiyarka tana can?"

Na ce, "Tana can."

"Yaron kirki. Kada ka bar ta tana jira." Ya ɗan bubbuga bayan hannuna. "Ka gaishe ta."

Na nemi Turancin da zan amsa masa na rasa. Sai na ba shi amsar da ake bayarwa a gidanmu.

"Za ta ji," na ce.